Zuwa Zanzibar daga Gombe: Tambayoyin da Aka Yi Ta Yi Mini da Amsoshinsu

Tun da muka dawo daga Zanzibar ni da mai ɗakina ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Jekadafari, a wajen ɗaurin aure, har mai gyara mini mota sai da ya ajiye sifana ya ce, "Alhaji, wai da gaske ruwa ya kewaye garin ko ta ina?" Amsar da nake ba kowa ta farko ita ce: mutanen can ba za su zame maka baƙi ba, ruwan ne baƙo. Sauran kuma ga su nan, na tattara su wuri guda domin bakina ya huta.

Wai ina ne Zanzibar ɗin, ƙasa ce mai zaman kanta?

Tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Manyan guda biyu ne, Unguja da Pemba, kuma idan ka ji mutum ya ce ya je Zanzibar, galibi Unguja yake nufi. A watan Afrilun 1964 ta haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya, amma har yau tana da shugabanta da majalisarta. Tsawon Unguja bai wuce kilomita 85 ba, wato tafiyar Gombe zuwa Bauchi ta fi shi nesa ba kusa ba. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Ta ina ake bi, kuma waɗanne takardu ake nema?

Mu ta Abuja muka bi. Daga filin jirgin Lawanti zuwa Abuja, daga nan jirgin Ethiopian Airlines zuwa Adis Ababa, sai wani jirgin ya sauke mu a filin jirgin Abeid Amani Karume. Wanda ya fi son Kano zai iya tashi daga can. Akwai kuma masu sauka a Darussalam su ƙarasa a jirgin ruwa mai gudu, tafiyar kamar awa biyu. Idan mota ma tana sa ka jiri, kada ka fara da wannan.

Takardu su ne inda mutanenmu suke tuntuɓe. Mai fasfo ɗin Nijeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi. Ana nema ta intanet tun daga gida, hukumar shige da ficen ƙasar ta duba ta amince, kuma abin yana cin makonni. Ka nema da wata biyu a gaba, kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amincewar ta fito. Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawar. Sannan tun daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata inshorar daga gida. Ka buga dukkansu a takarda, kada ka dogara ga waya.

Wane wata ya fi dacewa?

Damina biyu gare su. Babbar daga Maris zuwa Mayu, suna kiranta *masika*, ƙaramar kuma wajen Nuwamba da Disamba. Yuni zuwa Oktoba ne lokacin sanyin iska da bushewa, kuma shi na fi ba da shawara. Janairu da Fabrairu akwai zafi, amma ba irin namu mai ƙona leɓe ba. Zafi ne mai danshi, gumi ya tsatso ya ƙi bushewa. Shadda mai sitaci ba ta da amfani a can, ka ɗauki yadi marar nauyi.

Baffa ya tambaya: "Mu da ba mu iya ruwa ba, me za mu je yi?"

Baffa, Allah ya ja kwana, ni ma iyakar ruwana Wikki ne a Yankari, inda ƙafata ke taɓa ƙasa. Amma teku ba Wikki ba ce, ba kuma dam ɗin Dadin Kowa ba ce da za ka same shi da yamma inda ka bar shi da safe. Teku tana tafiya tana dawowa, kuma duk wanda bai fahimci wannan ba zai ɓata rabin kwanakinsa.

Ranar da muka sauka Paje, a gabashin tsibirin, da hantsi ne. Na fito da ɗokina in ga teku, sai na tarar da fili fetal, farin rairayi jiƙaƙƙe, kwale-kwale kwance a kan gefensu kamar jakunan da suka gaji, ruwan kuwa can nesa kamar zare. Na ce wa mai ɗakina an cuce mu. Muka shiga muka yi azahar, muka ci abinci, muka ɗan kishingiɗa. Kafin la'asar sai ga ruwa yana dukan katangar masaukin, kwale-kwalen nan duk sun miƙe suna rawa.

Haka yake yi sau biyu a yini da dare, ya cika ya janye, kuma kowace rana yana jinkirta da kusan minti 50 a kan na jiya. Wata ne ke jan sa. Mu da muke lissafi da watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi: kwanakin tsayuwar wata da na sha huɗu, sha biyar, su ne ruwan ya fi cika ya kuma fi janyewa. Kowane masauki yana da jadawalin wannan, ka nema tun ranar farko ka tsara fitarka a kansa.

To ga wanda bai iya iyo ba, lokacin janyewar nan shi ne nasa. Za ka yi tafiya mai nisa a cikin teku ruwa bai wuce idon sawu ba. A Paje da Jambiani za ka tarar da mata zaune cikin ruwan da zannuwansu, suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka kafe da turaku. *Mwani* suke ce mata, noma ne sosai, ana shanya ta a sayar, ana yin sabulu da ita. Ka gaishe su, kada ka ɗauke su hoto sai ka nemi izini. Sharaɗi biyu ne kawai. Ka sa takalmin roba, domin akwai wata baƙar halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙale cikin duwatsu, idan ka taka ta ƙayar karyewa take yi a cikin nama. Sannan idan ka ga matan nan sun fara tattara kayansu, kai ma juyo. Ruwan ba ya dawowa da hayaniya, ta gefe yake zagayowa.

Mai son ya yi wanka ko da yaushe ya nufi arewa, Nungwi da Kendwa, inda ruwan ba ya janyewa da nisa. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce daga gari, wato babban birnin Zanzibar.

Shiga kwale-kwale fa, ba haɗari?

Kada ka shiga wanda babu rigar ceto, ko da matuƙin ya rantse maka cewa a cikin ruwa aka haife shi. Ka sa ta, ka ɗaure, tun kafin a tashi. Da ita har wanda bai iya iyo ba zai iya kwanciya a kan ruwa a kusa da tsibirin Mnemba, da tabarau da bututun numfashi, ya leƙa kifaye masu launi kamar atamfa suna kiwo cikin murjani. Na yi, hannuna ɗaya riƙe da igiyar jirgi, ban kuma ji kunya ba.

Fitar kallon dolfin, wata dabbar teku mai siffar babban kifi, a Kizimkazi kuwa ban ji daɗinta ba. Jirage da yawa ne suke bin dabbobin da gudu, kowa na son nasa baƙon ya fara gani, abin ya fi kama da farauta. Da zan koma, jirgin filafilan nan na katako da ake fita da shi gab da faɗuwar rana zan sake shiga. A Nungwi har yanzu da hannu ake sassaƙa su a bakin ruwa, kana iya tsayawa ka kalli masassaƙan.

Me ke cikin tsohon garin da ake ta zuzutawa?

Turawa suna ce masa Stone Town, masu garin kuma Mji Mkongwe. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, gidaje masu hawa biyu da uku da aka gina da dutsen murjani da farar ƙasa. Za ka ɓata, babu makawa, amma garin ƙarami ne, ko ina ka nufa ƙarshenta teku ce ko babban titi. Kusan kowace ƙofar gida akwai dakali, *baraza* a bakinsu, dattawa zaune da huluna ana shan gahawa ana taɓa siyasa. Na zauna a ɗaya na ji kamar ina ƙofar gidanmu.

Ka kula da ƙofofin. Na katako ne masu sassaƙa. Waɗanda samansu a miƙe yake, wani lokaci da aya rubuce, salon Larabawa ne. Masu lanƙwasa a sama da ƙusoshin tagulla manya-manya salon Indiyawa ne.

Larabawan Oman ne suka kori mutanen Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, suka gina ganuwar da ake kira Ngome Kongwe a bakin teku. Daga baya Sarki Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa nan, ya cika tsibiran da gonakin kanumfari. Ɗansa Bargash ya gina Baitul Aja'ib a 1883, ginin da ya fara samun lantarki a tsibirin. Wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, don haka daga waje muka kalle shi. A gaban waɗannan gine-ginen ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar Sarki Khalid ruwan wuta ranar 27 ga Agustan 1896, yaƙin da bai kai minti 45 ba aka gama. Ina tsaye a wurin sai Mbormi ta faɗo mini a rai, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903, shekara bakwai kacal bayan wannan. Hannu ɗaya ne ya bi ta kanmu duka.

An ce akwai kasuwar bayi. Ya kamata Musulmi ya shiga, tunda coci ne a wurin?

Ya kamata. An rufe kasuwar a 1873, a zamanin Bargash, bisa matsin lambar Ingila, sannan aka gina cocin Angilika a kan filin. Ba sai ka shiga cocin ba idan ranka bai so. Abin gani yana gefe: ɗakin baje tarihin, da gumakan mutum biyar a cikin rami da sarƙa a wuyansu, da wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa da masu rakiya ke cewa a nan ake tsare mutane kafin ranar ciniki. Rufin gajere ne, dole ka sunkuya, tagar kuwa 'yar tsaga ce. Mu shida ne a ciki amma numfashi ya yi mini wuya. Kanumfarin da ya arzuta sarakunan nan gumin waɗannan mutane ne ya shayar da shi, kuma da yawa daga masu cinikin suna salla kamar ni. Mai ɗakina ba ta ce uffan ba har muka isa masauki.

Goggo ta ce: "Salla da sutura fa? Na ji an ce wurin 'yan tsirara ne."

Goggo, ranki ya daɗe, hoton bakin otal kika gani. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kiran salla ba ya yankewa a gari. Matansu da hijabi da baƙar abaya, mazan ranar Juma'a da farar jallabiya da hula mai aiki. Hukuma da kanta tana gargaɗin baƙi su rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa idan sun shigo gari ko ƙauye. A bakin ruwan manyan otal-otal ne Turawa ke shanya jikinsu, can kuma ana sayar da giya. Mai iyali ya tambaya kafin ya kama ɗaki, akwai masaukan da ba sa sayarwa. Mai ɗakina da doguwar riga da wando da hijabinta ta shiga ruwa, babu wanda ya ko ɗaga kai.

A masallaci za ka ga ɗan bambanci. Yawancinsu Shafi'iyya ne, liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, ana ƙunuti da asuba bayan ɗagowa daga ruku'u. Akwai kuma masallatan Ibadiyya, gadon mutanen Oman. Idan ka je Kizimkazi ka nemi tsohon masallacin Dimbani. A jikin mihrabinsa akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, ko da yake an sake gina mafi yawansa daga baya. Wannan ya fi dolfin ɗin nesa.

Da azumi gidajen abinci da yawa a gari rufewa suke yi da rana, kamar dai gida.

Za mu iya cin abincinsu?

Har da santi. Suna da *ugali*, tuwon masara ne sak, sai dai ya fi namu tauri. Suna da shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da filau mai kayan ƙamshi, da tsire da suke kira *mishkaki*, amma babu ƙuli, don haka ka tafi da yajinka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata safiya a lungu, na ga mata tana juya wani abu da tsinke a kasko mai gurabe. Masa! *Vitumbua* suke ce mata, ta shinkafa ce da yis, sai dai da kwakwa da sukari, kuma da shayi ake ci, ba da miyar taushe ba. Na ce a raina da mutumin Bauchi zai gani da ya kai ƙara.

Da magariba lambun Forodhani na bakin teku yana komawa kasuwar abinci. Samari suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa, ana tatsar rake da citta da lemun tsami a gabanka. Ka sha wannan, ka kuma ɗanɗana *urojo*, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki. Kifi da jatan lande da ƙaguwar da aka jera a faranti kuwa ka yi hattara, wani tun jiya yake nan ana ɗumamawa. Ka zaɓi wanda za a gasa ɗanye a idonka, ka ji kuɗinsa kafin ya hau wuta. Ruwan sha na gora.

Yara fa, me zai burge su?

Tsibirin Changuu, tafiyar kamar rabin awa a kwale-kwale daga gari. An gina kurkuku a can a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna ba, wurin killace masu cuta ya zama. Yanzu gidan manyan kunkuru ne da aka kawo kakanninsu daga tsibiran Seshel a 1919. Kowanne ya kai turmi kife, wasu sun haura shekara 100. Kada a bar yaro ya hau bayansu.

Sai dajin Jozani a kan hanyar Paje, mazaunin wani jan biri mai farin gashi a ka da babu irinsa a duniya sai a Zanzibar. Ba irin gwaggon birin Yankari ba ne da zai fizge maka leda ya shige ɗaki, wannan ganyensa yake ci bai damu da kai ba. A can kuma akwai gadar katako da ke ratsa itatuwan da suke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo.

Gonar kayan yaji ta cancanci kuɗinta?

Ta cancanta, musamman ga mata. A wajen Kizimbani da Kidichi suke. Duk abin da muke saya a ƙulle a kasuwa za ka gan shi da ransa. Kanumfari ashe tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya har ya yi baƙi. Kirfa ɓawon itace ce. Masoro yaɗo yake yi a jikin wata bishiya. Gyaɗar ƙamshi tana cikin ɗan itace, lulluɓe da wani jan zare. Mai rakiya zai murza ganye ya ce ka canka, mai ɗakina ta cinye duka, ni ko ɗaya. Yaran da ke bin ku suna saƙa hula da ganyen kwakwa suna sa ran ɗan ihsani, ka tanadi canji.

Yaya ake yi da harshe da ciniki?

Swahili suke yi, kuma Bahaushe yana da rabin jari. Ka saurari ƙidayarsu: *ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini*. Alhamisi, Ijumaa. Sallama ita ce sallama. Babba ana ce masa *shikamoo*, ya amsa da *marahaba*. Na gode kuma *asante*.

Agogonsu ne ya kayar da ni. Daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don haka bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu. Wani mai jirgi ya ɗaga mini yatsu uku ya ce *saa tatu*, na yi barcina na fito ƙarfe uku na rana, ashe tara na safe yake nufi. Ruwa ya janye, jirgi ya tafi, kafin alƙalamina ya bi shi. Ka riƙa nuna agogon wayarka ana tabbatarwa.

Kuɗinsu shilin ne. Ka tafi da dala sababbi, domin tsofaffin bugu ana ƙin karɓa, ka canza a wurin canji mai lasisi. Kada ka jingina da katin naira. A bakin ruwa akwai 'yan kamasho da za su bi ka da tallar fita, mutanen garin suna ce musu *papasi*, wato kaska. Ba faɗa, ka ce *asante* ka wuce, ko ka taya rabin abin da suka faɗa. Motar haya ta talakawa sunanta *daladala*, da arha, da matsi. Tuƙinsu ta hagu ne, ka duba dama kafin ka tsallaka titi. Leda kuma haramtacciya ce a ƙasar, kada ka cika akwati da ita.

Kwana nawa ya isa?

Shida: biyu a gari, biyu a gabas, biyu a arewa.

Wace tsaraba za a kawo?

Kasuwar Darajani za ka nufa, ba shagunan lungu na Turawa ba. Kanumfari, kirfa, gahawa, hular maza mai aiki, da zanin da suke kira *kanga*, wanda ake sayarwa falle biyu. Sai dai kowane kanga akwai magana rubuce a gefensa, wata addu'a ce, wata kuwa habaici ne tsantsa irin na kishiyoyi. Na ɗauko wa Adda wani kore mai kyau, har na biya, sai na ga mai shagon tana dariya a cikin mayafi. Da aka fassara mini na mayar na karɓi mai cewa Allah ne mai rabawa. Goggo kuwa kanumfari kawai ta ce a kawo mata. Ta buɗe ƙullin ta shinshina, ta ce wannan ai ya fi na kasuwa mai, ta ƙulle abinta ta tura ƙarƙashin gado.